Ƙwayar da Aka Rubuta wa Ya Aisa

Malam Inna, Gombe
14 ga Afrilu, 2020

Zuwa ga 'yata Halima Sadiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yaranki biyu. Mu nan alhamdu lillahi. Matata Ya Aisa tana gaishe ki. Ɗinkin wuyanta ya warke sarai, sai tabo, wanda take rufewa da lafaya ko a tsakar gida. 'Yarmu Nana Hauwa ma tana nan, an rufe musu jami'a, ta dawo tana cinye mana abinci.

Na kira ki sau huɗu jiya ban samu ba. Mahaifiyarki ta ce idan kina bakin aiki wayarki a kulle a akwati take kwana. To ni ban iya dannan saƙo da yatsa ɗaya ba, shi ya sa na rubuto. Yuguda direbana zai kai wake Abuja, tunda motocin abinci kaɗai ake bari su wuce, shi zai miƙa miki.

Kakarki da mahaifina ciki ɗaya suka fito, ko da yake tun bikinki ban sa ki a ido ba. Na kuma san ni ne na taɓa ce wa mahaifiyarki wannan karatu naki ba likita ba, ba nas ba, to na mene ne? Wannan magana ta wuce.

Ga abin da ya sa na rubuto. Likitan da ya cire wa Ya Aisa maƙoƙo a watan Fabrairu ya ce ciwon daji ne, amma irin wanda ke jin magani. Ya ce saura wata ƙwaya guda da za ta haɗiya ta ƙone ragowar, kuma wuraren da ake bayar da ita a ƙasar nan ba su fi a ƙirga da yatsu ba, ɗaya shi ne inda kike aiki. Sai korona ta zo, ya ce mu jira.

Ni ba na jira. Da ƙafa na fito daga Bama shekara shida da suka wuce, daga ni sai rigar jikina da matar nan da 'yarta. Dako na yi a Bolari, ita tana suyar ƙosai a bakin gareji. Yau motocin kaya uku ke yawo da sunana a goshinsu, ban kuma roƙi kowa ba. Saboda haka ki rubuto mini sunan ƙwayar kawai. Ina da mutane a Kano, ina da su a Legas. Ko kwali guda ne zan sa a kawo in ajiye a gida, a ba ta idan lokaci ya yi.

Ga rabin buhun shinkafar Kwadon nan, na yara ne.

Kawunki,
Alhaji Wakil Abatcha

Abuja
20 ga Afrilu, 2020

Kawu,

Wa alaikumus salam. Na sami takardarka da shinkafa, Allah ya saka da alheri. Muna lafiya. A gaishe mini da Ya Aisa da Nana Hauwa.

Kawu, na yi dariya da na karanta maganar kwali, kuma rabona da dariya an kwana biyu. Wannan ƙwaya ba a ajiye ta. Aidin ce mai fitar da haske wanda ido ba ya gani. A ƙasar waje ake haɗa ta, kowace da sunan mai ita, a zo da ita a tukunyar dalma mai nauyin turmi. Daga ranar da aka haɗa ta take fara mutuwa. Bayan kwana takwas rabin ƙarfinta ya tafi, bayan wasu takwas rabin abin da ya rage. Ko gwamna ne ba zai iya ajiye ta a ɗaki ba.

Tun da aka rufe filayen jirgi ba abin da ya iso mana. Na'urar ɗaukar hotonmu tana zaune a lulluɓe. Aikina na makonni uku shi ne kiran marasa lafiya ina ce musu kada su zo, wasu su yi kuka, wasu su zage ni. Mu uku ne masu wannan aiki. Babbanmu, Oga Danny, yana da ciwon sukari, an ce ya zauna a gida. Saura ni da Hillary. Ina sa rigar dalma, in ɗora rigar leda, in ɗaura takunkumi, kafin azahar na jiƙe sharkaf. A gida kuma ɗakin baƙi nake kwana, yara suna leƙo ni ta taga. A da, abu ɗaya marar ganuwa muke tsoro, shi kuwa ina da na'urar da ke ƙara idan ya yi yawa. Korona ba ta ƙara.

Amma ga albishir. An sami jirgin kaya da zai kawo mana ƙwaya huɗu, ranar ashirin ga Mayu za a bayar. Mutum shida ke jira. Likitarmu ta duba takardun Ya Aisa ta sa ta cikin huɗun, ba don ni ba, don abin da ta gani. Sauran biyun an ce su ma su shirya, ko wani zai kasa zuwa saboda shingaye.

Yanzu aikinka ne, ka karanta da kyau. Daga ranar da takardar nan ta same ka, ta daina shan ƙwayar safe da aka ba ta bayan aiki. Za ta galabaita, za ta ji sanyi, fuska za ta kumbura. Haka ake so. Daga shida ga Mayu kuma kada aidin ya shiga cikinta. Ban da gishirin leda, ban da dunƙulen miya, ban da kifin gwangwani da na teku, ban da madara da nono da ƙwai da burodi. Dalili shi ne ragowar maƙoƙon aidin yake sha. So muke ya ji yunwarsa sosai, yadda idan ta haɗiyi tamu zai shanye ya ƙone. Idan ya ƙoshi tun daga gida, ƙwayar a fitsari za ta fita, an yi asarar ta.

Na haɗo da takardar asibiti da za ku nuna a hanya. Kada ta yi azumi, likita ta hana.

'Yarka,
Halima Sadiya

Malam Inna, Gombe
8 ga Mayu, 2020

'Yata Halima Sadiya,

Assalamu alaikum. Ya ibada, ya aiki? Muna lafiya, sai Ya Aisa da jiki ya yi nauyi kamar yadda kika faɗa. Da zafin Gombe na wannan wata take rufa da bargo. Maganarta ta koma a hankali, in ta fara zance sai na sha ruwa na dawo ba ta kai ƙarshe ba. Amma bakin nan nata yana nan. Ta raɗa mini suna Likitan Bolari.

Takardarki na manna ta a ƙofar madafa. Ban jira shida ga wata ba, tun ɗaya ga wata na kwashe gishirin gidan kaf na bai wa maƙwabta. Da kaina na je Kwadon wurin wata tsohuwa 'yar garinmu, na samo manda, gishirinmu na da wanda bai taɓa ganin kamfani ba. Tukunyarta daban, ludayinta daban. Maƙwabciyarmu Suwaibatu, wadda tun da muka tare ba ta taɓa fasa aiko mana da kindirmo a azumi ba, na mayar mata da ƙwarya har sau biyu. Ta zo da kanta ta ce, "Alhaji, laifin me nonon shanuna ya yi maka?" Na ce ba ni ba ne, dokar Abuja ce. Ta ce to Abuja ta zo ta dama wa Ya Aisa fura da ruwa ta gani ko za ta shiga.

Batun korona kuwa kada ki sa shi a ranki. Ba mai shiga ɗakinta sai ni da Nana Hauwa. Na kuma samo mata wata kariya ta musamman wurin wani mai kemis, irin wadda ba kowa ke da ita a garin nan ba. Ba zan kawo miki ita da tari ba, balle a mayar da mu daga ƙofa.

Ƙaramar mota ta sha sabis, na sauya tayoyi. Ranar sha takwas za mu taso bayan asuba, Yuguda ne zai ja, don ya san kowane shinge da mai tsaronsa. Ki gaya wa likitarku ta sami mutumin da ba a maimaita masa magana.

Kawunki,
Alhaji Wakil Abatcha

Malam Inna, Gombe
15 ga Mayu, 2020

Halima Sadiya,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya. Wannan ba za ta jira Yuguda ba, Nana Hauwa za ta ɗauki hotonta ta turo miki yanzu. Na ɗauki waya sau uku zan kira ki, bakina ya ƙi.

Kariyar da na ce miki na samo, ruwan kurkure baki ne a wata kwalba, launin ƙasa-ƙasa. Mai kemis ya ce yana kashe korona tun tana maƙogwaro. Kwana goma sha biyu ke nan ina tsayawa a kan Ya Aisa tana kurkurawa, safe, rana da yamma. Ta ce ba ta son warinsa, na ce dole.

Shekaranjiya bayan an sha ruwa na kurkura nawa a gareji, ya ɗiga a farar rigata. Yuguda ya dubi tabon, ya sunkuyo ya shinshina, ya ce, "Alhaji, yaushe ka fara shan aidin? Mu a ciwo muka san ana shafa shi." Na ce masa ya kama bakinsa, me ya sani. Da na dawo gida na ba Nana Hauwa ta karanta ƙananan rubutun bayan kwalbar. Aidin ne. Sunansa yana nan a rubuce.

Jiya na koma wurin mai kemis. Ya ce ai tofarwa take, ba haɗiyewa ba, babu komai. Na so in yarda da shi. Wallahi wuni guda na yi ina yarda da shi. Na ce kin rubuta kada ya shiga cikinta, wannan kuwa baki ne kawai. Mota a shirye, takarda a hannu, matar nan ta sha wuyar makonni uku. Da na yi shiru ba mai sani.

To amma na sake karanta takardarki a ƙofar madafa, na tsaya a wurin da kika ce ƙwaya huɗu, mutum shida. Idan wannan abu ya ƙosar da wuyanta, na cuce ta, na kuma cuci wata da ban sani ba. Ni na yi dako, na san nauyin kayan da ba naka ba.

Ki tambayi likitarku. In ta ce babu komai, ranar sha takwas muna hanya. In ta ce akwai, ki faɗa mini kai tsaye. Ya Aisa ba ta sani ba tukuna. Laifin nawa ne, ba nata ba, ba na yarinyar nan ba.

Wakil

Malam Inna, Gombe
26 ga Mayu, 2020

'Yata Halima Sadiya,

Assalamu alaikum. Barka da Sallah, Allah ya maimaita mana. Muna lafiya. Ya Aisa ta koma shan ƙwayar safe, kumburin ya fara sauka.

Saƙonki na waya na gani: "Kada ku taso. Ta koma shan maganinta. Zan rubuto." Yau kwana goma sha ɗaya. Na kira ba adadi, ba a ɗauka. Ranar Sallah ma ban ji muryarki ba, ni da nake kawunki.

Na gane. Kin tsaya wa mutum a gaban manyanki, ya ba ki kunya. Kina da gaskiya. Amma ki sani na faɗa wa Ya Aisa da bakina, a gaban 'yarta. Ta ce, "Wakil, tun daga Bama nake bin ka ba tare da tambaya ba, sau ɗaya na ce ba na son warin abu." Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ban rubuto don ki yafe mini ba. Ki yi fushi da ni har shekara, na ɗauka. Abu ɗaya nake roƙo, kuma kin san roƙo ba ɗabi'ata ba ce: kada a cire sunanta daga layi saboda ni.

Kawunki,
Wakil Abatcha

Abuja
30 ga Mayu, 2020

Kawu,

Wa alaikumus salam, barkanmu da Sallah. Ina lafiya, kuma ba fushi nake ba. Ka yi haƙuri da shirun.

Washegarin da hoton takardarka ya shigo, Hillary ya kwanta da zazzaɓi. Korona ce. An kai shi wurin killacewa, yanzu da sauƙi, har ya fara ƙorafin abinci. Ni an gwada ni sau biyu ba a samu ba, amma aka ce kada in koma gida. A wani ɗaki a asibiti na yi Sallah, da shinkafar da maigidana ya miƙo ta hannun mai gadi. Ƙwayoyin suka iso ranar sha tara, ni kaɗai. Ni na karɓi tukwanen, ni na auna kowace, ni na tsaya da likita aka bayar, ni na riƙa shiga da na'ura safe da yamma ina auna mutum huɗu daga bakin ƙofa. Idan na cire kayan nan kwanciya kawai nake yi, ban sami ɗaukar biro ba. Na ga kiranka. Na san in na ɗauka kuka zan yi maka, ni kuma ba ni da lokacin kuka.

Likita ta ce wannan ruwa fatar baki tana tsotse shi ko ba a haɗiye ba, kuma yakan yi makonni kafin ya bar jiki. Da kun zo kun yi shiru, da mun ba ta, da mun ɗauka an yi magani alhali ba a yi ba. Wannan ya fi jinkiri haɗari nesa ba kusa ba. Ka rage wa kanka laifi kuma: abinci kaɗai na lissafa maka, ban ce komai a kan abin shafawa ko kurkurawa ba. Yanzu na ƙara shi a takardar da muke ba kowa.

Ƙwayar Ya Aisa ba ta lalace ba. Ɗaya daga cikin biyun da ke jiran tsammani, malamar firamare ce daga garin Lafiya, adadin da aka rubuta mata daidai yake da na Ya Aisa. Da na kira ta, mijinta ya goyo ta a babur, suka ratsa shingaye bakwai. Na gaya mata yadda aka yi, ban faɗi sunanka ba. Ta ce ni in faɗa maka nata: Jacinta. Ta ce ka san akwai mai sa ka a addu'a.

Sunan Ya Aisa yana kan gaba a ƙwayoyin da za a kawo nan gaba, muna sa ran tsakiyar Yuli. Ba ni da tabbacin jirgi, Kawu, ba wanda ke da shi. Dole ta sake daina ƙwayar safe a tsakiyar Yuni, ta sake shan wuyar nan daga farko. Ka tambaye ta ko za ta iya. Ita za ka tambaya, ba kai za ka amsa ba.

'Yarka,
Halima Sadiya

Malam Inna, Gombe
27 ga Yuli, 2020

'Yata Halima Sadiya,

Assalamu alaikum. Mun iso lafiya ranar Juma'a. Yuguda ya ja, ni ina gefensa, Ya Aisa ita kaɗai a can baya kamar yadda kika tsara. Ina fata ke da yara kuna lafiya. Ki gaishe da Hillary, ki ce masa ya ƙara cin abinci, ya yi rama da yawa.

A asibiti ban iya yi miki magana sosai ba, ga takunkumi, ga mutane. To bari in faɗa a nan. Lokacin da na tambayi Ya Aisa ko za ta iya sakewa, cewa ta yi, "Zan iya, amma da sharaɗi: ko man shafawa ne ba zai shigo ɗakin nan ba sai Halima ta gani." Shi ya sa kika yi ta ganin hotunan sabulu da man goge baki a wayarki har wata guda. Ni nake riƙewa, Nana Hauwa tana ɗauka.

Ranar da aka ba ta, ta gilashin ƙofa na hango ki cikin rigar dalmar nan, kina ɗauke da tukunyar da hannu biyu. Na ɗauki buhu mai nauyin mutum a kafaɗata shekara biyu, ban taɓa ɗaukar kaya irin wannan ba. Sannan hoton da kika nuna mini ranar Laraba, wancan ɗigon baƙi a wuyanta, kika ce, "Kawu, ka ga inda ta kama. Ya sha, yanzu ƙonewa yake." Ya Aisa ta ce wai na zauna a ƙasa. Ban tuna ba.

Dokarki tana aiki a gidan nan. Ɗakinta daban, banɗakinta daban, kwanonta daban, har kwanakin da kika ƙayyade su cika. Ba yaro, ba mai ciki. Kin san mutanenmu da dubiya, ga Babbar Sallah ta matso. Na sa kujera a bakin ƙofar gida na zauna. Ni da ba a taɓa zuwa gidana a koma ba a ci ba, jiya mota guda ta 'yan Bama na mayar, har da wanda ya girme ni. Ya ce, "Wakil, arziki ya sa ka fara korar dangi?" Na ce, "Yaya, 'yata ce ta hana, ita kuwa ta fi ni sani." Ya ce bai taɓa jin na faɗi haka a kan kowa ba.

Suwaibatu kaɗai na bari ta ajiye ƙwarya a zaure, tunda kin ce yanzu nono ya halatta. Na kai har bakin ɗaki, na ja baya taku uku, na zauna a tabarma. Ya Aisa ta shanye tas, ta turo ƙwaryar da ƙafa, ta ce, "Likitan Bolari, wannan ma ka tura Abuja a duba?" Na ce na tura tun da safe. Ta yi dariya har ta ƙware.

Yuguda zai kawo wake buhu biyu. Ɗaya naki. Ɗayan ki nemi yadda zai isa Lafiya wurin Malama Jacinta. Kada ki ce daga wa. In ta matsa, ki ce daga matar da ta riga ta a layi, ki kuma rubuto mini ko nata ya kama.

Kawunki,
Wakil